Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban ECWA: Talaucin Da Muka Je Gani A Maraɗi Yana Nan Birnin Kudu Da Gwaram

Zuwa ga Shugaban ECWA,
Hedikwatar Ikilisiya, Jos.

Baba, ranka ya daɗe.

 Ni ɗanku ne daga ƙasar Birnin Kudu, a kudancin Jihar Jigawa. Ba fasto ba ne ni, ba ni kuma da kujera a wata majalisa. Malamin makaranta ne mai taɓa noma, kamar yawancin masu ɗan albashi a nan. Na rubuto a fili ne saboda maganar ta fi ƙarfin ofis ɗaya. Ta shafi duk wanda ya taɓa jefa baiko domin a aika da wani wata ƙasa, ta kuma shafi waɗanda ake tsallakewa a hanya idan za a tafi.

Kwanan baya na bi wani ayarin 'yan'uwa zuwa Jamhuriyar Nijar domin aikin bishara na ɗan lokaci. A cikinmu akwai 'yan birni daga Kano da Kaduna da Jos, akwai baƙi daga Turai da Amurka, sai mu 'yan karkara ƙalilan. Muka bi ta Katsina da Jibiya, muka ƙetare iyaka muka sauka Maraɗi, daga can aka rarraba mu ƙauyuka. Mun yi sujada tare da 'yan'uwanmu na EERN, ikilisiyar da ta tsiro daga aikin 'yan mishan na SIM kamar yadda tamu ta tsiro. An raba gidajen sauro da magunguna da tufafi, an yi wa'azi, an koyar da yara. Ban raina ko ɗaya ba, waɗanda suka yi kuma da zuciya ɗaya suka yi. Abin da ya hana ni sakat shi ne wata magana da nake ta ji duk yamma idan mun taru addu'a, wadda aka dawo da ita gida a matsayin babbar tsarabar tafiyar: wai mutanen nan ba su da komai amma dubi farin cikinsu, wai su ne masu arzikin gaske, mu ne matalauta. Masu faɗa da hawaye suke faɗa, na kuma san har ransu haka suke ji.

Duk da haka, Baba, ina roƙo a daina koya wa matasanmu wannan magana, domin farin cikin da suke yabawa na san shi daga ciki. A cikinsa na tashi. Ku zo wata majami'ar ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ranar Lahadi a watan takwas, lokacin da gero ya yi bununi bai nuna ba, rumbu kuwa ya daɗe da zama wayam. Za ku ji Zumuntar Mata suna waƙa da ganga da tulu har ƙasa na amsawa, za ku ga tsofaffi sun miƙe suna rawa. Babu munafunci a ciki, yabo ne na gaske. Amma matar da ke ba da waƙar, kwaɗon tafasa ta ba 'ya'yanta kafin ta fito, ba ta kuma san abin da za ta ɗora da dare ba. Baƙo Lahadi da safe yake gani. Ba ya nan daren Talata, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya sa yaro jijjiga, uban na bin gida-gida neman kuɗin acaɓa zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu, hanya ta cika da ruwa, mai babur ya ninka kuɗi. Waƙar gaskiya ce, yunwar ma gaskiya ce. Wanda ya ɗauki ta farko ya rufe ta biyu da ita, ya sama wa kansa kwanciyar hankali ne da wahalar wani.

Talaucin da muka biya kuɗin mota da na jirgi muka je gani yana nan ƙofar gidanmu, gwamnati da kanta ta ƙidaya shi. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2019, an ɗauki duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba a matsayin matalauci. A faɗin Nijeriya aka samu kashi 40 cikin 100. A Jigawa aka samu kashi 87, Sakkwato da Taraba ne kaɗai suka ɗara mu, da 'yar tazara. A 2022 hukumar ta sake awo da wani ma'auni da ya dubi lafiya da ilimi da ruwan sha da makamashin girki da muhalli, aka samu mutum miliyan 133 a ƙasar nan cikin talauci, Jigawa kuma ta sake haura kashi 80. Duk wannan kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kafin kuɗin mota daga Gwaram zuwa Kano da farashin buhun taki su yi tashin gwauron zabo.

Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa, kuma kashi biyu muke. Akwai na cikin gari: ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, malamai, 'yan kasuwa da masu bautar ƙasa, galibi daga wasu jihohi, masu ɗan abin hannu gwargwado. Akwai kuma 'yan ƙasa: Hausawa jikokin Maguzawa, da Warjawa ta wajen iyakar Bauchi, a ƙananan ƙauyukan da ba a hango su daga bakin kwalta. Waɗannan manoman gero ne da dawa da gyaɗa da wake da riɗi. Gonarsu na jingine da ta maƙwabcinsu Musulmi, fari ɗaya ke ƙona su, ambaliya ɗaya ke kwashe su, kamar yadda ta yi wa jihar nan a 2022. Amai da gudawa da ya ratsa Jigawa a daminar 2021 bai tambayi kowa addininsa ba. Da rani kuma mota ɗaya samarinsu ke shiga zuwa ci-rani Kano ko Legas ko Fatakwal. Ba cewa nake talaucinmu ya fi na kowa ba. Ina cewa ne ɗan'uwan da ya taso daga Bauchi ya bi ta Ningi ya nufi Kano, ta Birnin Kudu zai ratsa, ya wuce irin mutanen da zai je ya yi wa kuka a wata ƙasa, bai san suna nan ba.

Yabon farin cikin talaka ruɗi ne da ke kama masu ƙoshi. Yana da ɗan'uwa da ake sayar wa masu yunwa. Ta waya yake shigo mana yanzu, ta WhatsApp da TikTok da tashoshin tauraron ɗan'adam, da bakin 'yan ci-ranin da suka dawo daga kudu: wai talauci la'ana ce, wai wanda bai samu buɗi ba bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, wai ya shuka iri a hannun bawan Allah a ninka masa. Na san gidan da aka sayar da akuyar da aka ajiye domin ranar haihuwa, aka tura kuɗin ta waya ga wani mai wa'azin da bai taɓa jin sunan ƙauyen ba. Masu irin wannan koyarwa suna son labarin gwauruwar da ta jefa 'yan kuɗinta na ƙarshe a Haikali, a ƙarshen sura ta 12 ta Bisharar Markus. Ba sa karanta ayoyin da ke gabanta, inda Ubangiji ya tsawata wa malaman da ke wawashe abin hannun gwauraye da sunan ibada. Markus ya jera labaran nan biyu kafaɗa da kafaɗa, ban kuma ɗauka dace ne kawai ba. Ruɗin farko ya ce wa talaka yunwarsa ado ce, na biyu ya ce masa laifinsa ce. Dukansu a inda suka same shi suke barinsa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bakin kabari. Mai bishara na ƙauye yakan binne yara da damina. Bayan jama'a sun watse, uwa takan matso ta tambaye shi ƙasa-ƙasa: Baba, wane zunubi na yi? Me zai ce mata? Idan ya ce albarka ce a ɓoye, ya zalunce ta. Idan ya ce ƙarancin bangaskiya ne, ya kashe ta da ranta. Littafin Ayuba gaba ɗayansa a kan wannan tambaya yake, a ƙarshensa kuma abokan da suka dage cewa wahala shaidar zunubi ce su ne Allah ya yi fushi da su. A Yohanna sura ta 9 almajirai sun nemi wanda za su ɗora wa alhakin makantar wani mutum, Yesu ya ƙi ba su kowa, ya buɗe masa ido. Shi kansa a gidan talakawa ya tashi: hadayar da aka kai Haikali bayan haihuwarsa ta tsuntsaye biyu ce, wadda Shari'ar Musa ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. A kan wannan bangaskiyata take tsaye. Na gaskata Allah yana tare da matar nan a cikin yunwarta, na kuma gaskata yunwar ba ta gamshe shi ba. Abin da ya kashe ɗanta sauro ne da gurɓataccen ruwa da rumbun da ya ƙare tun watan shida, waɗannan kuwa abubuwa ne da hannun mutum zai iya taɓawa.

To, ga abin da na gani a ƙasar Maraɗi da ya cancanci a ɗauko, ko da yake ba ya cikin jadawalin tafiyarmu. Itatuwa ne a cikin gonaki. Ƙasar ta fi tamu ƙarancin ruwan sama nesa ba kusa ba, rairayi ce, amma za ka tarar da gona cike da gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, ana noman gero a tsakaninsu. Dattawan wurin suna ba da labarin lokacin da mutum kan hango nesa babu abin da ya tare masa ido, iska na binne shuka da yashi har sai an sake shuka sau da yawa a damina ɗaya. Itatuwan nan kuwa ba dasa su aka yi ba.

Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya mai aiki da SIM, ya iso Nijar a farkon shekarun 1980. Ya yi ta renon dashe yana rabawa, yawanci suna mutuwa, rana da akuya da gara suna gamawa da su. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake ɗauka tarkace ne a gona, waɗanda ake sarewa a ƙone a kowane sassabe, toho ne na kututturen itatuwan da aka sare tun da, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne manomi ya zaɓi tsirrai kaɗan mafi ƙarfi a kan kowane kututture, ya cire sauran, ya rage musu rassan ƙasa, ya kare su. Saiwar da ta riga ta yi zurfi ita ke tura su, sai su yi saurin girman da dashe ba zai taɓa yi ba. Sassabin zamani ake ce masa a can. Kayan aikinsa adda ce ko gatari. Babu ban-ruwa, babu sayen iri, babu cin bashi.

Akwai wani sashe na labarin da nake so shugabanninmu su riƙe da kyau. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Mutane suka bari saboda ciki. Da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Waɗanda suka ceci aikin su ne 'yan tsirarun da suka bar nasu, duk da dariyar da ake musu ana ce musu ƙazaman manoma. Bayan 'yan shekaru maƙwabta suka ga matan gidajen nan sun daina doguwar tafiya neman itacen girki, dabbobinsu na cin 'ya'yan gawo da rani, geronsu ya fi kyau, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma taki ne. Gani ya kori ji. Daga manomi zuwa manomi abin ya bazu, musamman da hukuma ta sassauta tsohuwar dokar da ta mai da itacen gona tamkar mallakar gwamnati, har mutum ya tabbata abin da ya rena nasa ne. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomi Musulmi daga Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka ana zuba taki a ƙeƙasasshiyar ƙasa. Yawancin manoman da suka yi aikin nan a Nijar Musulmi ne.

A nan gida kuwa buhunan gawayi ne jere a bakin hanya. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kanya da kakanninmu suka bar mana suna tafiya birni a bayan mota, tun da gas da kananzir suka gagari mutane. Ba na zagin mai sarewa, gawayin nan shi ne kuɗin makarantar ɗansa. Amma ƙasarmu ta fi Maraɗi ruwa, kututturen namu sun fi nasu saurin toho, kowace shekara kuma muna bin su da wuta a watan huɗu domin gona ta yi tsaf.

Abu na biyu rumbu ne. A 2005 duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi masu tamowa, alhali Maraɗi tana cikin yankunan da suka fi noma a Nijar, kasuwanninta kuma ba su rasa hatsi ba. Kuɗin saye ne babu. Duk manomin Gwaram ya san yadda hakan ke faruwa ba sai an yi masa bayani ba. Da kaka yana kai hatsi kasuwar Sara ko Babaldu ya sayar a arha, domin bashi da kuɗin makaranta da biki duk a lokacin suke jiransa. A watan bakwai ya koma ya sayo irin hatsin da ya sayar da tsada mai yawa, ko ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya fiye da haka da kaka, ko ya bar tasa gonar ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar wani. Kakar da ke zuwa sai ta fi ta bara ƙaranci, bashin kuma ya fi na bara girma. Ba lalaci ba ne, ba kuma la'ana ba. A Nijar ƙauyuka da yawa sun kafa rumbun tsimi: a sayi hatsi da kaka, a kulle, a buɗe da damina a sayar da 'yar riba kaɗan. Gaskiya ita ce da yawansu sun mutu, wani kwamiti ya cinye, wani an ba da bashi ba a biya ba, wani ƙwari sun gama da shi. Waɗanda na ga suna tsaye mata ne ke riƙe da makullinsu, lissafi a bainar jama'a ake karantawa, kuma tiya-tiya ake sayarwa domin kada ɗan kasuwa ya kwashe. Matsalar ƙwari ma an samo mata magani: buhun PICS mai ciki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu binciken noma na yankinmu, yana riƙe wake watanni ba tare da an barbaɗa guba ba.

Baba, mu ba sai mun nemo jari ba, domin ikilisiya ta riga tana tara hatsi. Kowace shekara a godiyar kaka ana shigo da dammunan gero da dawa, da kwanukan wake da gyaɗa, har da kaji. A wurare da yawa nan take ake gwanjonsu, a daidai lokacin da hatsi ya fi arha a duk shekara. Bayan 'yan watanni waɗanda suka kawo shi su ne ke kwana da yunwa. Roƙona shi ne ku yi magana da bakinku, a majalisa da kan bagadi, cewa kowace ikilisiyar karkara ta ware kaso daga godiyar kaka ta ajiye har damina, a hannun Zumuntar Mata, waɗanda sun daɗe suna riƙe adashi babu wanda ya ji kansu. Abin da Yusufu ya yi a Masar ke nan, labarin da mu da maƙwabtanmu Musulmi duka muka sani. A Ayyukan Manzanni sura ta 6 kuma, da aka yi ƙorafi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a je a ƙara addu'a ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai, an ɗora musu hannu domin wannan aiki, Istifanas shahidi na farko yana cikinsu.

Na san abin da dattawan ikilisiya za su ce, kuma suna da gaskiya: kuɗin gwanjon nan shi ne ɗan abin da ake ba mai bishara. Idan an kulle hatsin, me zai ci? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta kai teburinku. Mai bishara na ƙauye, a kowace ɗarika, shi ne ake bugun ƙofarsa da tsakar dare, shi ne ake kai wa maraya, shi ne ke raka marar lafiya asibiti ya ƙarasa kuɗin kati daga aljihunsa, alhali shi ma gonar aro yake nomawa, 'ya'yansa ana koro su daga makaranta kamar na kowa. Mutumin da yunwa ke ci, da wuya ya tsaya ya ƙaryata mai wa'azin shuka iri, wani lokaci ma shi zai fara kwaikwayonsa. Ikilisiyoyin birni masu gina katanga da sayen na'urar sanyaya ɗaki za su iya ɗaukar nauyin mai bishara ɗaya ɗaya a Gwaram ko Birnin Kudu ba tare da sun ji a jikinsu ba. Ƙungiyarmu ta aika masu bishara, EMS, tun 1948 take, kafin ma a kafa ECWA a 1954, kuma da kwabon talakawa da kwanon dawarsu ta yi tafiya. Bulus ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya da suka yi gudummawa daga cikin rashinsu, amma a wannan wasiƙar ta biyu zuwa ga Korintiyawa masu hali yake tunatarwa cewa a daidaita kaya. Talakawanmu sun daɗe suna yin nasu.

Wannan duk ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Lokacin da aka taƙaita wa mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna, ta ƙofar jinya suka shigo. A shekarun 1930 SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, inda aka san Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Asibitin ido na Kano ya buɗe a 1943, har gobe mutanen Jigawa na zuwa. A cikin abin da yake Jigawa yanzu an yi tashoshi a Roni da Garun Gabas. A Nijar asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, na Danja kusa da Maraɗi tun 1956, yanzu har da sashen mata masu yoyon fitsari. Mafi yawan masu kwanciya a gadajen nan Musulmi ne. Amma kada mu ɓoye wa kanmu: tun wancan zamani maƙwabtanmu suke zargin cewa maganin mishan ƙugiya ce, kuma duk inda aka haɗa taimako da matsin lamba an ba zargin nan ƙarfi. Saboda haka idan za a buɗe rumbu, a buɗe wa duk ƙauyen, tiya ɗaya, farashi ɗaya, kada a tambayi kowa inda yake ibada. Hatsin da aka ɗaura wa sharaɗin shiga majami'a ciniki ne, ƙarshensa kuma irin na itatuwan 1984 ne, ranar da aka daina rabo a sare. Bishara a faɗe ta a fili ga mai son ji, ba a bakin buhu ba.

Mun san wuta. An ƙone majami'u a Dutse a watan Satumba na 2006, an ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. 'Yar ƙaramar jama'a irin tamu da amanar maƙwabta take rayuwa, shi ya sa aikin nan ba zai yiwu a bayan mai unguwa da dagaci da liman ba. Birnin Kudu da Gwaram duka a ƙarƙashin Masarautar Dutse suke, ta hannun hakimai za a shiga. Ko itacen ma ba zai tsaya ba sai an zauna da ardo, domin makiyayi na buƙatar reshen gawo da rani, manomi na buƙatar kashin shanunsa, tsohuwar yarjejeniya ce da za a iya sabuntawa.

Ban ce a daina tafiya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su kai kashi 2 cikin 100 na ƙasarsu ba, ziyara tana ƙarfafa su, na ga haka da idona. Ina roƙo ne a sauya waɗanda ake turawa da abin da ake tura su yi. A cikin kowane ayari a sa manoma daga karkararmu, a sa shugabannin Zumuntar Mata, a sa ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki irin su Tofa da Kagoro waɗanda ƙauye za a kai su idan sun gama. Kada a sauke su masauki a cikin gari, a kai su gidajen manoma su riƙe adda su koyi inda ake yanka reshe. Harshenmu ɗaya da mutanen Maraɗi, ba a buƙatar tafinta. A kuma gayyato manoman can, Kirista da Musulmi, su zo Gwaram su tsaya a gonakinmu su nuna, a biya su ladan malanta, domin malamai ne. Baƙin da ke tasowa daga Turai da Amurka a gaya musu gaskiya cewa kuɗin jirgin mutum ɗaya zai cika rumbun ƙauye, su zaɓa da kansu, wanda kuma ya zo a bar shi ya ratsa ta Jigawa. Muna da sashen raya karkara na POD wanda ya san irin wannan aiki, ku ƙara juyo mana da fuskarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka kafin a rubuta wani tsari a Jos a fara zama da mutanen ƙauyukan a ji daga bakinsu.

Sassabe daga watan uku zuwa na biyar ake yinsa, a can da nan. Idan za a tura rukunin farko su ga aikin ana yi, dole a zaɓe su tun da hunturu. Maganar rumbu kuwa kafin godiyar kaka ya kamata ta isa kunnen dattawan kowace ikilisiya, domin idan an riga an yi gwanjo sai wata shekara. A ɓangarenmu akwai manoman da na yi wa bayani suka ce za su ware gefen gona a gwada, akwai kuma matan da suka ce a ba su makullin. Izininku da wasiƙa zuwa ga gundumomi muke jira.

Allah ya ƙara muku lafiya da hikima.

Ɗanku cikin Almasihu,
daga ƙasar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.